Muryar da Ke Farkon Kaset

Muryar matarsa a wuri ɗaya tak ta rage a duk faɗin duniya, cikin wani kaset mai jan tambari, kuma ranar Asabar ɗin nan ce 'yarsa za ta zo ta ji ta.

Injiniya bai san kaset ɗin yana nan ba sai da rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo, dole ta sa ya janyo kwalaye waje. Shi ba injiniyan takarda ba ne, tsohon ma'aikacin ofishin tarho ne da ya yi ritaya, amma tun ranar da ya kwance rediyon gidansu yana saurayi ya mayar da ita tana magana, sunan ya manne masa kamar ƙaya a riga. A ƙasan kwalin ƙarshe, ƙarƙashin tarin mujallun da ɓera ya ɗanɗana gefensu, ya tarar da kwamfutarsa ta farko: 'yar baƙar aba da ba ta fi littafi girma ba, maɓallanta na roba, haruffan tsakiya sun goge saboda taɓi. Ga rikoda a gefenta, ga igiyoyi a cukurkuɗe, ga kaset-kaset ɗaure da robar da ta narke ta manne musu. Ya zauna dirshan a ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya ɗora ta a cinya kamar wanda aka miƙo wa jariri.

Wanda ya buɗe ido ya ga waya a hannunsa ba zai gane ba. A wancan zamanin kwamfutar gida ba ta da fuskar kanta, da talabijin ake haɗa ta, kuma ba ta da riƙo ko na sisin kwabo: ka yini kana rubuta mata aiki, da zarar wuta ta ƙifta ta manta da kai da aikinka, kamar ba ku taɓa gaisawa ba. Sai dai a juye aikin a kaset, irin na waƙa, ya zama wani ƙara mai tsini wanda ita kaɗai ke jin yarensa. Da yake kaset ɗaya kan ɗauki ayyuka da yawa, masu abin sun saba su kai baki ga rikoda su faɗi sunan aikin kafin ƙaran ya fara, don a gane inda kowanne yake. A gidan Injiniya matarsa ce mai faɗa.

Mai buga tafireta ce a wani ofishi, yatsunta kamar yayyafi a kan kwano. Shi ya karanto layi, ita ta buga, in ya yi tuntuɓe ta gyara masa ko ɗago kai ba ta yi. Sauran kaset ɗin an sha juye wani abu a kansu bayan ba ta, amma mai jan tambarin bai yarda an taɓa shi ba, domin wasan da suka ƙirƙira da kansu ne a ciki, Kwalekwale, kuma a gaban wasan akwai muryarta. Ta rasu 'yarsu Auta tana koyon magana. Auta, wadda ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, da hotuna ta tashi: uwa a tsaye, uwa a zaune, uwa tana murmushi baki a rufe. Bana ta cimma shekarun da uwar ta tsaya a kansu, kuma ba ta san ko muryarta siririya ce ko mai kauri ba.

Ya kira ta ya faɗa mata. Sai ta roƙe shi kada ya kunna sai ta zo. Ta ce an taɓa gaya mata tsohon zaren kaset irin wannan wani lokaci sau ɗaya yake jure tafiya, za ta ajiye wayarta a bakin lasifika ta kama muryar tun fitowarta ta farko. Abin ya ɗan sosa masa rai, wai shi za a koya wa kaset, amma ya yi alkawari. Ya ɗora shi can saman kabad, inda shi kansa sai da kujera yake kaiwa.

Alkawarin kaset ya yi. Ba wanda ya yi maganar kwamfuta. Don haka ya kira Tabarau.

Tabarau tsohon malamin lissafi ne, abokinsa tun suna cinye albashi a kan mujallun kwamfuta, kuma shi ne na uku a ɗakin duk lokacin da ake rubuta Kwalekwale. Ranar Asabar ɗin da hantsi ya iso, yana ɗingishi, rungume da wani ƙaramin talabijin mai ƙeya wanda matarsa ta mayar teburin tukunyar fure.

"Ashe kana da sauran numfashi, tsoho," ya ce tun daga bakin ƙofa.

"Ina jira in ga bayanka tukuna. Ajiye shi a hankali, ba jikanka ba ne."

Suka share teburin cin abinci, suka ture kwalbar gishiri da kofunan shayi gefe. Tabarau ya dage a buɗe cikinta a duba kafin a ba ta wuta, Injiniya ya ce ai shi ya koya masa hakan, suka yi ta musu a kan wanda ya koya wa wani, kawunansu biyu masu sanƙo a haɗe bisa 'yar baƙar abar kamar likitoci a kan majinyaci. Da aka jona, aka yi ta murza talabijin cikin ƙura da hayaniya, sai kwatsam fuskarsa ta washe ta yi fari tas, ga ɗan layin rubutu a ƙasa, ga 'yar alama tana ƙiftawa tana jiran umarni.

Tabarau ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Injiniya kuwa ji ya yi shekarun da ke kafaɗarsa sun zame kamar rigar da ta yi masa yawa. Wannan 'yar alamar ita ce kaɗai abu a duniya da ya taɓa jiransa da zuciya ɗaya, ba ta gajiya, ba ta tambayar ina ya tsaya.

Daga nan hira ta ɓalle. Suka tuna yadda ake bai wa layuka lamba goma-goma don a bar gurbin abin da aka manta, da yadda waƙafi guda kan cinye wa mutum hutun mako, da ranar da Tabarau ya yi atishawa ya ture igiyar wuta aikin yini ya bi iska, Injiniya ya yi kwanaki ba ya amsa masa sallama. Tabarau ya ce yaran yanzu suna yawo da abin da ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba a aljihu, amma ba su san me ke cikinsa ba, kamar mai auren da bai taɓa zuwa gidan surukai ba. Injiniya ya ce su kam sun san kowane lungu na tasu, don ƙarama ce, mutum ɗaya na iya riƙe ta duka a kai, kuma tun daga ita bai sake mallakar wani abu da ya fahimta daga farko har ƙarshe ba.

Sai suka koma kan kaset-kaset ɗin da ke cikin kwali. Injiniya ya ɗauko igiyar da ke kai ƙara daga rikoda zuwa kwamfuta, ya cusa ta a ramin abin sauraron kunne. Haka ake yi: da ta shiga ramin, lasifika ta yi gum, duk abin da ke kan zare ya bi igiya ya tafi cikin na'ura. Suka gwada na farko, ta ƙi karɓa. Suka ƙara murya, suka rage, suka goge kan rikoda da auduga, suka gwada wani, suka gwada wani. Duk sun mutu. Zamani ya lashe su tas.

Tabarau ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, ya ce shi dai ya san wanda ba a wahalar da shi ba. Injiniya ya ce ko da wasa, wannan na Auta ne. Tabarau ya ce ai bai ce komai ba, kallo kawai ya yi, kallo kuma ba a hana makaho ma. Ya sake buga umarnin lodi, wato na ɗauko aiki daga kaset, don a ƙara gwada na ƙarshen, kwamfuta ta zauna tana jira, sai ga ƙwanƙwasa a ƙofa.

Auta ce, daga wurin aiki ta zarto, da fararen takalmanta na asibiti. Ta durƙusa ta gaishe su, Tabarau ya tsokane ta wai ta yi girma har ta daina karɓar alewa a hannunsa, ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonta ba. Ta nemi ruwa, ta sha rabi, ta riƙe kofin da hannu biyu. Injiniya ya hau kujera ya sauko da kaset ɗin. Ta karɓa tana juya shi, ta shafa rubutun da ke kan tambarin da ɗan yatsa, ta tambaya ko hannun Mama ne. Ya ce nata ne.

"Baba, ina jin tsoro," ta ce a hankali. "In na ji ta kuma ban ji komai a raina ba fa?"

"Za ki ji, 'yata. Jini ba ya ɓatan hanya."

Ya zura alƙalami a ramin kaset ya juya kaɗan don zaren ya miƙe, ya sa shi a rikoda, ya rufe murfin. Auta ta jingina wayarta da lasifika, ta taɓa jan maɓalli, ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai jin sanyi. Ya danna.

Shiru. Ya ce mata farkon zare ne, kullum akwai ɗan fili. Ta gyaɗa kai, idonta a kan lasifikar kamar ƙofar da wani zai fito daga ciki. Shirun ya ƙara tsawo. Agogon bango yana ta aikinsa. Sai gefen talabijin ya fara rawa, ratsin ja da shuɗi suna hawa suna sauka, ga suna ya bayyana a sama da manyan haruffa: KWALEKWALE.

"Ta kama," Tabarau ya ce da raɗa, ya damƙi kafaɗar abokinsa. "Mutumina, tana lodi."

A ƙiftawar ido Injiniya ya gane abin da ya faru. Igiyar tana nan a raminta tun gwajin safe. Muryar ta riga ta wuce, ta bi waya ta shiga na'urar da ba ta da kunnen jin mutane. Wani abu a can ƙasan zuciyarsa ya ce masa tsayar, zare igiyar, koma baya. Amma ratsin sun sirance sun fara gudu, irin gudun da ke nuna komai na shiga daidai, kuma sabo turken wawa ne. Dokar farko da ya koya a rayuwarsa ta kwamfuta ita ce in ana lodi ba a taɓa komai: ba a taɓa tebur, ba a taɓa igiya, mai tari ma ya fita waje.

Auta ta ce ba ta ji komai ba. Ya ce ta ɗan jira, ba tare da ya juyo ba. Ta sunkuya ta kasa kunne, ta ce akwai wani ƙus-ƙus a cikin rikodar, kamar ana murƙushe busasshen ganye. Ta miƙa hannu ga maɓallin tsayarwa.

Ya cafke wuyan hannunta.

"Kar ki taɓa! In ya yanke a tsakiya shi ke nan. Muryar tana nan, ina za ta? Ana gamawa mu mayar da shi baya."

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba tun tana 'yar makaranta. Ta janye hannun a hankali, ta ajiye a cinya. Su kuwa tsofaffin suka zuba wa talabijin ido, baki a sake, leɓen Tabarau yana motsi kamar mai addu'a. Mintocin nan, Allah ya sani, Injiniya bai taɓa jin daɗi irin nasu ba tun rasuwar matarsa, kuma wannan ne abin da zai fi ci masa rai daga baya.

Ratsin suka tsaya. Fuskar talabijin ta yi shuɗi, kogi ya shimfiɗu daga sama zuwa ƙasa, ga duwatsu baƙaƙe, ga ɗan kwalekwale da bai fi ƙwayar wake ba yana lilo a bakin gaɓa. Tabarau ya buga tebur ya saki dariya har da tari. Injiniya ya juyo da fuska a washe don ya nuna wa Auta, ya tarar ba talabijin take kallo ba.

Ya tsayar da rikodar. Murfin ya ƙi buɗewa sai da ya sa farce. Da ya ɗago kaset ɗin, zaren ya biyo shi a tattare kamar hanjin kaza. Ɓangaren da ke naɗe zare ya gaji ya tsaya tun farkon tafiya, zaren kuma ya yi ta wucewa yana cusa kansa cikin ƙarafa, yana nannaɗewa, yana karyewa. Da ya ja a hankali sai ya tsinke. Wani gari mai ruwan ƙasa ya zubo masa a tafin hannu. Ya nemo farkon zaren ya ɗaga wajen taga, ya ga hasken rana yana ratsa shi fes, fatar da ke riƙe da sauti ta saɓule, saura leda tsirara.

Tabarau ya fara cewa akwai masu gyara, ana iya miƙe shi da bayan cokali, a liƙa, shi ya taɓa ganin an yi. Ya karɓi zaren ya kai kusa da gilashinsa, ya duba, ya ajiye, bai ƙarasa maganar ba.

Auta ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zaro farin hankici daga jaka, ta shimfiɗa, ta kama hannun mahaifinta ta karkaɗe garin nan a kai, har wanda ya maƙale a layukan tafinsa, da irin natsuwar da take wanke rauni. Ta naɗe ta riƙe.

"To, Baba, kai ka faɗa mini," ta ce. "Me ta ce a ciki?"

Ya buɗe baki. Sunan wasan ta faɗa, wannan ya tabbata. Amma takan ƙara wani abu, ya san takan ƙara, domin yakan ji Tabarau yana dariya a bayansa. Ya laluba cikin kansa ya tarar da ɗakinsu na dā sarai, labulen da ya koɗe, zafin talabijin a fuskarsa, lambobin layuka suna hawa. Ita kuwa tana bayansa wajen rikoda. Kullum a bayansa take, shi yana fuskantar gilashi yana cewa ta yi sauri. Ya dubi Tabarau. Tabarau ya sunkuyar da kai ya ce ya tuna ya yi dariya, amma abin dariyar ya tafi.

"Ban sani ba, 'yata," Injiniya ya ce. "Ban juyo ba."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa sakamakon da ta riga ta zata. Tabarau ya ce wasan dai yana cikin na'ura muddin ba a kashe ba, kuma kowane harafi da ke cikinsa yatsun mahaifiyarta ne suka buga shi, ko za ta zauna ta gwada. Ta dubi ɗan kwalekwalen yana lilo, ta ce ta gode, Kawu, wata rana. Dukkansu sun san rikodar da za ta adana shi ta mutu.

Ta miƙa hannu ta ɗauki wayarta daga jikin lasifika. A nan suka ga jan ɗigon yana nan yana ƙiftawa. Duk tsawon lokacin tana ɗauka. Auta ta tsayar, yatsanta ya zame ya taɓa, sai ɗakin ya cika da shiru mai tsiyaya, da ƙus-ƙus ɗin zare yana mutuwa, sannan muryar wani tsoho, mai kaushi, cike da ɗoki, tana daka tsawa kada a taɓa. Injiniya bai gane ta ba da farko. Bai san haka yake ji a kunnen mutane ba.

"Goge wannan," ya ce. "Don Allah goge. Ki zauna in yi miki wata maganar, mai kyau, duk abin da kike so in faɗa."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta sa ta a jaka tare da hankicin, ta ja zif.

"Bari in ajiye ta haka, Baba. Muryarka ce."

Ta yi wa Tabarau sallama, ta tuna wa mahaifinta maganinsa na rana, ta ce za ta kira in ta isa. Ya raka ta har bakin ƙofa, yana ta neman kalmar da zai ba ta ta tafi da ita a madadin waccan, bai samu ba har ta sha kwana.